Gansakuka A Ƙafar Inna Tabawa

A Kwarin Taura, wani ɗan gari da ke gindin kurmi, an taɓa wayar gari gansakuka ta tsiro a ƙafar wata tsohuwa mai rai. Tsohuwar sunanta Inna Tabawa. 'Yarta Marka ce ta fara gani, sa'ad da ta yaye mayafi za ta gasa mata ƙugu da ruwan zafi. Wani ɗan kore ne lallausa a kan babban yatsa, irin wanda ke lulluɓe duwatsu da ruɓaɓɓun kututture a cikin kurmi, inda rana ba ta sauka. Ta sa farce ta kankare, tsohuwa ta yi ƙara, jini ya fito. Kafin ruwan zafin ya huce abin ya dawo, har ya kama yatsa na biyu.

Bari in ɗan koma baya don a san mafari. Mutanen Kwarin Taura ba su da rijiya. Ruwansu yana cikin kurmi, wani idon ruwa ne da ke ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin wani faffaɗan dutse, kuma dole sai an taka dutsen kafin tulu ya kai bakin ruwa. Gansakuka ta rufe dutsen nan ruf tun kaka da kakanni, ba a taɓa sa mata hannu ba. Mata sukan yi sallama kafin su hau, su bi a hankali suna dafa ƙasa. A damunar nan Inna Tabawa ta yi sallamarta kamar kullum, ta hau da tulu a ka, santsi ya kwashe ta, tulu ya fashe, ƙugu ya karye.

Marka kuwa mace ce mai zuciya a kusa. Mijinta ya rasu, ta dawo gida tana riƙe da uwarta da sana'ar daddawa, kuma duk garin an san ba a taka ta a kwana lafiya. Ko liman in zai yi mata nasiha sai ya fara duba inda takalminsa yake. Ranar da aka ɗauko uwarta ranga-ranga ba ta yi kuka ba. Ta jira Jatau maɗori ya gama ɗori, ta saɓi fartanya, ta shiga kurmi, ta kankare dutsen nan tas tun daga sama har bakin ruwa. Abin da ya tsira sai wani guntu kamar tafin hannu a cikin tsaga, inda bakin fartanya ya ƙi shiga.

Tana da wani hali kuma da maƙwabta ke yi mata tsiya a kai, wato Marka ba ta zubar da komai. Ɓawon gyaɗa, tsumma, fasasshiyar ƙwarya, duk sai ta ce za su yi rana. Da ta dubi tarin gansakukar da ta kankare, ta damƙa ta ji laushi, sai ta tuna audugar rimi ta ƙare a gari, ga tsohuwa na kukan tabarma na cin ƙugunta. Ta kwashe a kwando ta kai gida, ta ɗora tukunyar kalwa a wuta don aikin daddawa bai san jinya ba, ta baza gansakukar a inuwa yadda ake shanyar kuka. Da ta bushe ƙayau ta cusa a tsohon zane, ta ɗinke ya zama matashi, ta tura ƙarƙashin ƙugun uwarta. Tsohuwa ta sa mata albarka ta yi barci, ita kuwa Marka ta manta da zancen dutse.

To, ga shi yanzu dutse bai manta da ita ba. Aka kira Jatau, ya duba ƙafar, ya taɓa inda koren ya rufe ya ji wurin ya yi sanyi da tauri, ya janye hannunsa. Ya ce shi gadon ƙashi ya yi, wannan kuwa aikin masu dutse ne, in abin ya kai wuya tsohuwa za ta daskare gaba ɗaya. Ya ba Marka shawara ta nemi farar kaza da nono, ta je gaban dutsen ta durƙusa ta ba su haƙuri.

Marka ta ce, "Baba Jatau, su suka karya mini uwa. Ni kuma zan ba su haƙuri?"

Kafin a jima kore ya haye gwiwa. Inna Tabawa ta kira 'yarta ta ce ta bar abin nan haka, ita ta ci zamaninta, kada ta ja wa kanta masifa. Ta ƙara da cewa abu ɗaya ke ba ta takaici, in ta cika za a ƙone matashin nan tare da tabarmar jinya yadda aka saba a garin, ga shi kuwa da laushi. Marka ta ji maganar har cikin ranta. Tana tsakiyar haɗa miya ne, ta ɗaure gishirin da ke hannunta a haɓar zane, ta ɗebi toka a murhu don maganin santsi, ta rataya gorar ruwa, ta saɓi fartanya. Ta bar wa Jatau amanar tsohuwa ta fita.

Da ta isa dutsen ba ta yi sallama ba. Ta buga shi da ƙotar fartanya, ta ce masu gidan su fito ga mai magana. Shiru. Ta sake bugawa, shiru. Sai ta nufi guntun nan da ya rage a tsaga, ta ɗaga ƙafa ta taka shi da gayya. Santsi ya kwashe ta, ta faɗi, ta yi ta faɗuwa ba ta kai ƙasa ba. Itatuwan kurmi suka yi ta tashi sama har suka ɓace mata, tsagar dutse ta buɗe ta zama kwari mai zurfi, ta dira a kan wani abu mai taushi.

Ta miƙe ta ga kanta a wani daji da ba ta taɓa ganin irinsa ba. Itatuwan ba su da ɓawo, ganyensu kore shar, siriri har haske na ratsa shi. A kowane reshe ga ɗigon ruwa rataye, kowanne ya kai girman bukka. Tsakanin itatuwan akwai dogayen jajayen ginshiƙai, a kan kowane ginshiƙi an ɗora rumbu da 'yar jinkarsa. Ta daɗe tana kallo kafin ta gane cikin gansakuka take, ita ce ta ƙanƙance har ba ta kai ƙwayar gero ba. Ta gyara ɗaurin zane ta kama hanya.

Ba ta yi nisa ba ta tarar da wata ƙofa, bayan ƙofar kuma hanya ta miƙe tana sheƙi kamar an zuba mata yauƙin kuɓewa. A bakin ƙofar wani aljani na kwance rub da ciki, gemunsa kore, ruwa na ɗiga daga cikinsa.

Ya ce, "Ke 'yar Adam, wannan ita ce hanyar fadar Magajiyar Danshi, mai mulkin duk inda rana ba ta sauka. Tun da aka shimfiɗa hanyar nan ba a taɓa bin ta a tsaye ba. Sarakunan aljanu da rarrafe suke shiga. Sa gwiwarki a ƙasa ki wuce."

Marka ta ce, "Na yi rarrafena ina jaririya, na gama."

Ta kwance ƙullin toka, ta barbaɗa a gabanta ta taka, ta sake barbaɗawa ta taka. Duk inda toka ta sauka sai hanyar ta yi cuu, yauƙin ya ja baya. Mai gadi ya yi ta rantsuwa wannan haramun ne a dokar ƙasarsu. Ta ce masa in ya isa ya taso ya hana ta. Bawan Allah ya yunƙura zai miƙe, shi da bai taɓa tsayuwa ba tun da aka halicce shi, ƙafafu suka tafi gabas, kai ya tafi yamma. Ta bar shi nan yana neman gemunsa.

Tokar na ƙarewa hanyar na ƙarewa, sai ga tafki. Ɗigon raɓa ne guda ɗaya, amma a idonta ruwa ne da ba a hango gaɓarsa, ya yi tozo a tsakiya. A bakin ruwan wani ƙaton dodon-koɗi na zaune, idanunsa biyu a kan ƙahoni, shi ne mai fito. Ya miƙo ido ɗaya ya dube ta sama da ƙasa.

Ya ce, "Ke mai tafiya a tsaye, labarinki ya riga ki zuwa. Ni ne mai fiton Magajiya, ba a haye ruwan nan sai a bayana. Ladan fitona kalma biyu ce. Ki ce na tuba, ki hau."

Marka ta san gishiri guba ne ga dodon-koɗi. Ta kwance haɓar zane, ta ɗebo gishiri a tafin hannu, ta matsa kusa da shi don ya gani da kyau. Idanun nan biyu suka shige ciki zuruf. Can daga cikin ƙoƙon bayansa murya ta fito tana cewa ai da wasa yake, baƙuwa ba ta biyan lada, ta hau bisimilla.

Suka shiga ruwa. Da suka kai tsakiya sai wasu macizai farare, waɗanda ake ganin hanjinsu ta cikin fata, suka taso suka kewaye su. Ɗaya ya naɗe ƙafarta, ta sare shi da fartanya, wani ya kama igiyar gora, ta fizge. Garin fizgewa ta zame, gefen zanenta ya taɓa ruwa. Ashe ruwan ƙasar nan yana da fata, in ya kama abu ba ya saki. Ya ja zane, ya ja ƙugu, ya kai ta har ƙirji. A nan Marka ta ji tsoro na gaske, ta ga uwarta kwance tana jiran 'yar da ba za ta dawo ba. Ta ɗaga haɓar zanen sama ta ce wa mai fito in ta nutse gishirin nan da ita zai narke, shi kuma a cikin ruwan yake. Ba ta rufe baki ba ya miƙo ƙaho, ta kama, ya tsamo ta. Ya kai ta gaɓa ta sauka.

A ƙetaren tafki dajin ya yanke. Sai fili fetal na dutse tsirara, iya ganinka, da wasu manyan kwaruruka a jere kamar kunyoyin gona. A gefen filin itatuwa sun bushe sun nannaɗe, rumbuna sun zube, zafi na tashi. Ta tsaya a bakin kwari ɗaya tana mamakin wane irin bala'i ne ya yi wannan aiki, sai ta lura da yadda kwarin ya lanƙwasa a ƙarshe. Haka bakin fartanyarta ke lanƙwasa in ta ja ta.

Can ta hangi wani tsohon aljani zaune da sandar kiwo, kewaye da shi wasu dunƙule-dunƙule busassu kamar daddawar da ta kwana a rana. Ƙishi ya dame ta, ta buɗe gora ta kafa kai, ruwa ya zubo ta gefen bakinta ya ɗiga a kan dunƙule ɗaya. Abin ya kumbura, ya yi miƙa, ƙafafu takwas suka fito, sai ga wata dabba mai ƙiba, ba wuya ba ƙaho, ta yi hamma ta tafi neman kiwo. Busasshiyar itaciyar da ruwan ya fantsama a kanta ita ma ta warware ganye ta koma kore.

Marka ta ja da baya ta tambaye shi wane irin sihiri ne wannan.

Makiyayin ya ce, "Ba sihiri, 'yar Adam. A ƙasarmu bushewa barci ce. Mukan bushe da rani mu farka da damina, mu da dabbobinmu da itatuwanmu. Wuta kaɗai ce mutuwa a wurinmu."

Ta ce to ina mutanen da ke wannan fili? Ya ce babban birninsu ne a da. Wani ƙarfe ya sauko daga sama ya kwashe shi, da gidaje da rumbuna da masu shayarwa, ya tafi da su garin 'yan Adam. Da yammacin ranar suka hangi hayaƙi na tashi daga garin, kowa kuma ya san abin da ɗan Adam ke yi da shara. Yana cikin magana idonsa ya faɗa kan fartanyar da ke kafaɗarta. Bai zage ta ba, ya dai juya mata baya.

Da zagi ya yi da ya fi mata sauƙi. Marka ta ji kunya da baƙin ciki, don ita dutse ta sani ta kankare, ba ta san gari ta tasa ba. Ta juye sauran ruwan gorar a kan garkensa, ta wuce. Maganar nan tasa ta barci da wuta kuwa ta ƙulle ta a ranta.

Fadar Magajiyar Danshi a cikin wani ruɓaɓɓen kututture take, ruwa na tsatsafowa daga bango. Fadawa na kwance rub da ciki dama da hagu. Magajiya na zaune a sama, doguwa, baƙa mai ratsin kore, gashinta na zubar da ruwa har ƙasa. Sanƙira, mai shelar fada, ya daka wa Marka tsawa ta faɗi ta yi gaisuwa. Ta dogara fartanya a ƙasa ta tsaya ƙyam.

Magajiya ta ce, "Ke ce mai ƙarfen. Kin ƙazantar mini da hanya, kin tsorata mai fitona, kin shigo fadata a kan ƙafafunki. Dubi nan."

Ta nuna wani ɗigon ruwa da ke rataye a gefenta. A cikinsa Marka ta ga ɗakinsu, ta ga Inna Tabawa kwance, kore ya rufe ta har ƙirji, numfashi na fita da ƙyar.

Magajiya ta ce, "Ƙasa kika ɗauke mana, ƙasa za mu karɓa. Jikin tsohuwarki zai zama dutse mu kafa sabon birni a kai. Amma mu masu sassauci ne. Durƙusa ki ce kin tuba, in tsai da shi a wuya, in bar mata baki da ido."

Gaskiya saura kaɗan Marka ta durƙusa. Wanda bai taɓa ganin uwarsa na kokawa da numfashi ba shi zai ce abin da sauƙi. Ta riƙe ƙotar fartanya da hannu biyu ta dake a tsaye.

Ta ce, "Ranki ya daɗe, ni ma da ƙara na zo. Uwata tun tana budurwa take yi muku sallama a kan dutsen nan, ba ta taɓa tofa yawu a ruwanku ba. Shimfiɗarku ta kayar da ita, ƙugunta ya karye, kuna ji kuna gani. A garinmu ko akuyar mutum ce ta ture tsohuwa, mai akuya kan zo ya ce sannu. Makafi sun zo dubiya, masu gaba da ni sun zo dubiya. A cikinku wa ya zo?"

Fadawa suka shiga satar kallon juna, don ko a cikin aljanu rashin zuwa dubiya abin kunya ne.

Magajiya ta miƙe, muryarta ta canza. Ta ce, "Kina yi mini maganar ƙugu? Uwar da ta haife ni tana cikin birnin da kika ƙone."

Marka ta ce, "Wa ya ce miki na ƙone? Hayaƙin da kuka gani na dafuwar kalwa ne. Ni ban taɓa ƙona abin da zai yi rana ba. Birninki shanya shi na yi a inuwa, na ɗinke a zane. Yanzu haka yana ƙarƙashin ƙugun uwata, a bushe, ko tsinke bai ɓata ba."

Fadawan da ba su taɓa ɗaga kai a gaban Magajiya ba duk suka ɗaga. Ita kuwa ta ce a kama 'yar Adam ɗin nan a ɗaure, a tura runduna ta ɗauko matashin. Marka ta ce a kama ta mana, amma a fara jin sauran. Ta gaya musu al'adar Kwarin Taura, cewa duk majinyacin da ya cika, tabarmarsa da matashinsa wuta ake sa musu kafin a dawo daga maƙabarta. Ta nuna ɗigon ruwan ta ce Magajiya ta duba tsakar gida da kyau. Magajiya ta duba, ta ga mata sun fara taruwa, wata har ta jawo itace tana gyara wuta.

Marka ta ce, "Ke kike hura wutar da za ta ci uwarki. Uwata na hannunki, taki na ƙarƙashin tawa. In ɗaya ta tafi, tare za su tafi."

Magajiya ta koma ta zauna, ta ɗaga hannu, koren da ke cikin ɗigon ruwa ya tsaya a gindin wuya. Ta ce ya tsaya, amma ba zai sauka ba sai uwarta ta farka. Ta tambayi Marka abin da take so.

Marka ta ce birnin ita za ta mai da shi da hannunta, don da ta san da mutane a ciki da ta buga ƙofa kafin ta sa fartanya, kuma wannan gyara ne, kada wani ya kira shi tuba. Amma za ta bar hanya tsirara a kan dutsen, faɗin ƙafar mai ɗauke da tulu, kada kore ya sake hawa kanta har abada. Magajiya ta ce ta yarda. Marka ta ce saura dubiya, kuma ba ɗan aike take so ba.

Magajiya ta ce, "Magajiyar Danshi ba ta taɓa shiga ɗakin ɗan Adam ba."

Marka ta ce, "Ni ma ban taɓa shiga kututture ba sai yau."

Aka hau da ita kan wani jan ginshiƙi, aka cire jinkar rumbu aka sa ta a ciki, cikin wani gari mai laushi wanda shi ne irin shukarsu. Rumbun ya kumbura ya fashe, iska ta ɗebe ta tare da garin ta yi sama. Tana tashi tana girma, daji na ƙanƙancewa a ƙarƙashinta, har ta faɗo a kan dutsen idon ruwa da girmanta na mutane. Ko zanenta ba ta kakkaɓe ba ta zura da gudu.

Ta tarar da gida cike. Jatau na bakin ƙofa ya sunkuyar da kai, mata na sharar hawaye. Ta ratsa su ta shiga, ta ɗaga tsohuwa da hannu ɗaya ta zare matashin. Mata suka ce Marka ta haukace, ko kunyar mai shirin cikawa ba ta ji. Ta bi ta tsakiyarsu da matashi a hammata, ta wuce wutar da ake gyarawa, ta koma kurmi.

A kan dutsen ta farke ɗinkin da haƙori. Ta ja layi biyu da fartanya daga sama har bakin ruwa, ta baza busasshiyar gansakukar dama da hagu, tana dannawa a cikin kwarurukan da ta yi. Ta cika gora ta yayyafa. Abin ya tsaya yadda yake, ja-ja, matacce. Ta sake cikawa ta yayyafa, tana tunanin ko ta shanya shi ya wuce kima. Sai wani ɗan wuri kusa da ƙafarta ya motsa, ya warware, ya yi kore. Koren ya bazu ya bi dutsen ta ko'ina, ya zo bakin layin nan biyu ya tsaya cak. Ta kasa kunne ta ji wata 'yar siririyar guɗa na tashi daga ƙasa.

Da ta koma gida ta tarar gansakukar na zuba daga jikin uwarta da kanta, fata na fitowa da ɗumi. Inna Tabawa ta buɗe ido ta dubi taron, abin da ta fara tambaya shi ne wane marar imani ne ya ɗauke mata matashi.

Washegari da hantsi aka yi sallama. Mata biyu ne baƙi, wata doguwa baƙa da ƙwaryar ruwa a hannu, da wata tsohuwa tukuf mai dogara sanda. Duk inda suka taka a tsakar gida sai sawun ya jiƙe. Marka ta gane doguwar, ta ɗaga musu labule suka shiga. Magajiyar Danshi ta tsaya a kan Inna Tabawa, kanta na taɓa jinka, ta ce sannu daga tsaye.

Marka ta ce, "A nan durƙusawa ake yi a gai da babba."

Magajiya ta juyo da ido kamar za ta cinye ta. Ba ta kai ga magana ba tsohuwar nan ta ɗaga sanda ta ƙwala mata a ƙwauri, ta ce, "Haka na koya miki? Matar nan ta kwana da ni a ƙarƙashinta ba ta taɓa danne ni da mugunta ba. Sauka ƙasa."

Magajiya ta ajiye ƙwarya, ta sa gwiwa biyu a kan daɓe, ta ce, "Sannu, Inna. Ya jiki? Allah ya ƙara sauƙi."

Inna Tabawa ta amsa, ta sa mata albarka, ta ce a shimfiɗa wa baƙi tabarma. Sai ta waiga ta ga 'yarta tsaye a bakin ƙofa, hannu a ƙugu, tana kallon Magajiya a ƙasa tana jin daɗi.

Ta ce, "Ke kuma tsayuwar me kike yi a kan mutane? Ba ki ga babba a ɗaki ba?"

Marka, wadda mai gadi da mai fito da fada guda ta aljanu suka kasa lanƙwasa wa gwiwa, ta kai ƙasa tun tsohuwa ba ta rufe baki ba.